Layin Holt, Lamba Tara

A laburaren Burnley, ranar Talata,
ruwa na dukan taga kamar mai bin bashi,
na goge tabarau, na buɗe ƙidayar
dubu ɗaya da ɗari takwas da saba'in da ɗaya.

Ga su nan. Layin Holt, lamba tara.
Malamin ƙidaya ya rubuta Witam,
alhali Whittam ne sunan gidan;
ko sanyi ne ya ƙage masa yatsu,
ko babu mai ido a kan baƙi da zai gyara masa.
Enoch, maigida, talatin da huɗu, masaƙin auduga.
Keziah, matarsa, talatin da ɗaya, masaƙiya.
Ambrose, goma: da safe masaƙa, da rana allo.
Sai Lavinia, wata biyar,
can ƙasan layi, kamar ɗigon da ya kuɓuce wa alƙalami.

Da yatsa ɗaya na tsallake shekara goma.
Su kam da ƙafa suka taka ta,
cikin takalman katako, da duhun asuba,
ƙurar auduga a maƙogwaro,
suna karanta leɓen juna don injin ya cinye murya.

Keziah ta ce talatin da takwas gare ta.
Ta daƙe wa hukuma shekara uku!
Na yi dariya har mai kula da littattafai ta ɗago kai.
Sannan na ga Lavinia: shekara huɗu.
Na ƙirga da yatsu. Na sake ƙirgawa.
Goma ya kamata.
Dariyar ta koma inda ta fito.
Ashe a gidan talaka suna ma riga ne:
in mai shi ta tafi, a wanke, a ninke,
a jira ƙanwa.

Ƙidaya ta uku, babu Enoch.
Keziah ta hau layin farko,
kusa da sunanta an sa gwauruwa, sana'a wankau.
Ɗaki huɗu, rai takwas, biyu 'yan haya ne,
ɗayansu Cornelius Feeney, mai haƙar kwal.
Ƙidaya ta huɗu, ga shi nan dai,
sai dai an daina ce masa ɗan haya,
an koma suruki.
Takarda ba ta san matsatsiyar matakala ba,
inda mai hawa da mai sauka
dole kafaɗa ta gaisa da kafaɗa.
Daga wannan gilmawar aka sami kakata.

Ta ƙarshe, shekarar sha ɗaya, ita ta hana ni tashi.
A wannan karon masu gida aka ba alƙalami.
Rubutun manya-manya ne, yana rawa,
wani jika ya koya mata, ina zato, a kan teburin guga.
Whittam, ta rubuta, harafi bai ɓace ba,
ta karɓo abin da aka ci musu shekara arba'in.
Haihuwa: tara. Masu rai: biyar. Matattu: huɗu.

Malami ya ja jan layi a kai,
wai matan aure aka tambaya, ban da gwauraye.
Amma jan bai iya rufe baƙin ba.

Huɗu. Ni ɗaya na sani.
Sauran ukun sun zo sun koma
tsakanin ƙidaya da ƙidaya,
babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa lokacin da suke ciki.

Da yamma na nemi Layin Holt.
Filin ajiye motoci ne yanzu, da farin fenti da lambobi.
Ba ni da mota.
Na biya kuɗin awa ɗaya duk da haka,
na tsaya a gurbi na tara, cikin ruwa,
tikitin yana jiƙewa a hannuna,
har wani ya danna mini ham.